Awo Uwar Hasashe: Ruwan Fagge da Sabon Gari a Hannun Masu Bincike

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata da ke cikin gida, da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari waɗanda suka jingine rediyo a bakin shago, da 'yan garuwar da suka fito tun asuba suna tura kura, da 'yan lambun bakin Jakara. Maganar yau taku ce baki ɗaya, domin maganar ruwa ce.

Tambayoyi biyu muka zo da su. Ta farko: mene ne a cikin ruwan da muke sha? Ta biyu: yaushe ruwan sama zai sauka, kuma da wane ƙarfi? Masu amsa ta farko su ne masana kimiyyar tantance sinadarai. Masu amsa ta biyu su ne masana hasashen ruwa. A ido sana'o'i biyu ne daban, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su, wato awo. Wanda bai auna ba, zato kawai yake yi. Wanda ya auna bai rubuta ya ajiye ba, ba shi da abin da zai yi hasashen gobe da shi.

(TAƘAITACCEN KIƊA)

Mu fara da inda muke zaune. Fagge tsohon zango ne na fatake a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa ya kafu ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Dukansu biyun suna kan hanyar rafin Jakara. Jakara ta taso daga cikin birni, ta gefen Kasuwar Kurmi, ta ratsa Kwarin Gogau, ta bi ta bayan Sabon Gari, ta haɗu da rafin Getsi mai kwaso ruwan masana'antun Bompai, sannan su gangara tare zuwa madatsar Wasai da ke wajen Minjibir. An rufe wani sashe nata da kankare an shimfiɗa titi a kai, har yara da yawa ba su san a kan rafi suke tafiya ba. Sai dai rufe rafi ba ya sauya abin da ke gudana a cikinsa. Ruwan kwatar gidajenmu, da na mahauta, da na garejin kanikawa, duk can suke tararwa, kuma a gaba akwai masu janyo shi da inji suna shayar da latas da kabeji da alayyahu.

Ruwan famfonmu kuwa yawancinsa daga kudancin birni yake zuwa, daga matatun Challawa da Tamburawa. Matatar Challawa ta farko tun farkon shekarun 1930 take. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa da ke Ƙaraye wadda aka kammala a 1992, su ne ke riƙe da kogunan da matatun suke ɗiba. Kowa ya san cewa birnin ya fi ƙarfin abin da famfo ke kawowa. Shi ya sa gida ɗaya zai haɗa ruwa iri huɗu a yini: na rijiya don wanki, na burtsatse don girki, na ɗan garuwa don cika randa, na leda don sha. Ruwa huɗu, asali huɗu, kuma duk da ido muke tantance su.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne a kan hatsi. A kan ruwa kuwa, ido ba ya wadatarwa. Ku saurari wannan adadi da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalmar da ke cikin ruwan sha kada ta wuce miligiram 0.01 a kowace lita. Idan ka cika tankin lita 1,000 irin wanda ake ɗorawa a saman gida, dalmar da za ta kai shi wannan iyaka ba ta kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Ba ta da launi a ruwan, ba ta da wari, harshe ba ya jin ta. Kromiyam, wanda masana'antun jimar fata na zamani suke amfani da shi, iyakarsa miligiram 0.05. Kadmiyam, mai lalata ƙoda, 0.003. Naitiret, wanda ke tsattsafowa daga masai da taki, iyakarsa miligiram 50. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Nijeriya, wanda aka fitar a 2007, shi ma a kan irin waɗannan alƙaluma ya tsaya.

To, yaya ake ganin abin da ido ba ya gani? Ga yadda aikin yake. Mai bincike zai zo da kwalba tsarkakakkiya, ya ɗebi ruwan, ya rubuta wuri da rana da sa'a, ya ɗiga masa asid kaɗan don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba, ya sa a sanyi ya kai ɗakin gwaje-gwaje. A can akwai na'urar da ke fesa ruwan cikin harshen wuta mai tsananin zafi, har ƙarfen ya rarrabu zuwa ƙwayoyin zarra. Sai a haska wa wutar wata fitila ta musamman. Sirrin shi ne, kowane ƙarfe akwai irin hasken da yake shanyewa, wanda ba ya haɗa shi da wani. Dalma da nata, kromiyam da nasa. Gwargwadon hasken da ya ragu bayan ya ratsa wutar, gwargwadon ƙarfen da ke cikin ruwan. Wani masani a Ostireliya mai suna Alan Walsh ne ya bayyana wannan hanya a 1955, kuma har yau da ita ake aiki a jami'o'inmu. Mai gaskiya a wannan sana'a ba ya yarda da awo ɗaya. Zai fara gwada na'urar da ruwan da ya riga ya san abin da ke cikinsa, ya maimaita awon, ya dawo da rani, ya sake dawowa da damina.

Kada wani ya ɗauka wannan aikin 'yan boko ne da bai shafe shi ba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ana ta zargin zazzaɓi da sanƙarau. Sai da aka auna jinin yaran da ƙasar tsakar gidajensu aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gida. Yara aƙalla 400 suka rasu. Awo ne ya faɗi sunan cutar, kuma sai da aka san sunanta aka san maganinta.

Mu dawo gida. Jakara da Getsi sun sha awo a hannun masu bincike. A 2003, Adamu Idris Tanko na Jami'ar Bayero, wanda daga baya ya zama farfesa, tare da abokan aikinsa Tony Binns da Roy Maconachie, sun wallafa bincike a kan noman lambu a ciki da kewayen Kano. Sun nuna cewa ruwan da ake ban-ruwa da shi yana ɗauke da dattin gidaje da na masana'antu, abin da ke barazana ga lafiyar mai noma da mai ci. Wajen shekara 10 bayan haka, Adamu Mustapha, yana aiki da Ahmad Zaharin Aris a wata jami'ar Malesiya, ya auna ruwan wurare daban-daban a kwarin Jakara, ya yi amfani da lissafin ƙididdiga don rarrabe asalin gurɓacewar: wannan daga gidaje, wannan daga masana'anta, wannan daga gonaki. Ruwa ba ya tsami banza, kuma irin wannan bincike shi ke nuna ƙofar da tsamin ya shigo.

Ba mun faɗi haka don a kyamaci 'yan lambu ba ne. Halak ɗinsu suke nema, kuma ba su suka zuba dattin ba. Wanda ya zuba shi ya kamata ya tace kafin ya saki.

(TAƘAITACCEN KIƊA)

Ƙarfe mai guba a hankali yake cin jiki. Ƙwayar cuta kuwa ba ta jira. Manyanmu na Fagge da Sabon Gari ba su manta da abin da Asibitin Zana ya gani ba. Tsakanin Disamba 1995 da Mayu 1996, an ƙirga mutum 5,600 da suka kamu da amai da gudawa a Jihar Kano, 340 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Masu bincike sun zauna a wannan asibiti suka tambayi majinyata abin da suka ci da abin da suka sha, suka kwatanta da waɗanda wata cutar daban ta kwantar. Suka tarar cewa waɗanda suka kamu sun fi yawan shan ruwan da ake tallansa a titi, kuma sun fi ƙarancin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

'Yan uwana 'yan garuwa, wannan ba zargi ba ne. Ba don ku ba da unguwanni da yawa sun kwana da ƙishi. Amma tun da amanar ta kai haka, jarka tana bukatar wanki da kulorin, tana bukatar murfi, kuma ya kamata a san rijiyar da aka ɗebo.

Awon ƙwayar cuta ba shi da wahalar ganewa. Ana tace mililita 100 na ruwa ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi, a ɗora ta kan abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a ɗumi kwana ɗaya. Idan akwai ƙwayar da ake kira E. coli, za ta hayayyafa har a ƙirga ta da ido. Ƙa'ida ita ce kada a samu ko ɗaya, domin samunta shaida ce cewa bayan gida ya sami hanyar shiga ruwan. Ta ina? Masana suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai. Filin da faɗinsa ƙafa 50 kuwa, wajen mita 15 ke nan. Ko ka nisanta rijiyarka da naka masan, na maƙwabci yana bayan katanga. Kano kuma a kan dutse take zaune. Ruwan ƙarƙashinta yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama-sama da tsagogin da ke ƙasa, don haka abin da ya tsiyaya daga sama ba ya daɗewa kafin ya iske shi, musamman da damina.

Iyayenmu mata, a riƙe waɗannan abubuwa uku. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya gamawa da ƙwayar cuta. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da dalma ko naitiret, hasali ma idan ruwan ya ƙone ya ragu, ƙaruwa suke yi. Sannan jaririn da bai kai wata 6 ba shi naitiret ya fi cutarwa, domin yana hana jininsa ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Nonon uwa ya ishe shi a waɗannan watanni, kuma kariya ce babba.

(KIƊAN TSAKIYAR SHIRI)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ruwan Fagge da Sabon Gari. Mun gama da abin da ke cikin ruwa, yanzu sai ruwan da ke tafe.

Bari mu fara kawar da wani shakku. Hasashen ruwa ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Manomin da ya ga iska ta juyo daga kudu, ya ga shamuwa ta dawo, ya ce damina ta kusa, ba wanda zai kira shi boka. Alamu ya karanta. Abin da masana suka ƙara shi ne auna alamun da rubuta su. A filin jirgin saman Malam Aminu Kano, nan kusa da mu, akwai tashar auna yanayi, kuma Kano tana da rubutaccen tarihin ruwan sama na fiye da shekara 100. Daga wannan tarihi aka san cewa yawancin ruwanmu tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, Agusta kuma shi ne tsakiyar marka.

Ruwanmu daga teku yake tasowa. Iska mai laima tana busowa daga Tekun Atlantika ta nufo arewa, tana tura busasshiyar iskar hamada baya. Inda ta kai, damina ta kai. Ƙarfinta kuwa yana da alaƙa da ɗumin ruwan teku, har da na Tekun Fasifik mai nisa. Wannan ɗumi shi masana suke aunawa, su haɗa da tarihin shekarun baya, su fitar da hasashe. Hukumar NiMet tana fitar da nata a farkon kowace shekara: lokacin faɗuwar damina, tsawonta, da yawan ruwan da ake sa rai. Hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya kafin damina ta kankama, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya gigita yankin Sahel, tana yi wa ƙasashen yankin irin wannan aiki.

Idan aka ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100, ma'anarsa ita ce a ranaku 10 masu irin waɗannan alamu, ana samun ruwa a wajen 7. Rana ɗaya da ruwa bai zo ba, ba ta ƙaryata hasashen.

Kuma milimitar da kuke ji ana faɗa, ga fassararta a aikace. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Idan aka yi ruwan milimita 50 a kan rufin da ya kai murabba'in mita 100, lita 5,000 ke nan, wato jarka 200 mai cin lita 25. Gida ɗaya ke nan. A kan kadada 1 ta kasuwa da aka rufe da kwano da kankare, lita 500,000 ce, kuma ƙasa ba za ta sha ko kaɗan ba. Dole ta nemi hanya. Idan lambatu ya cika da leda, ko an kafa shago a kansa, hanyar da za ta samu ita ce ƙofar shagonka. Abin da ya faru a Kantin Kwari ke nan a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfa da shadda na miliyoyin naira. Dattawa kuma suna tuna Agustan 1988 da madatsar Bagauda ta ɓalle. Hasashe ba ya hana ruwa zuwa. Lokaci yake ba mu, mu yashe kwata, mu ɗaga kaya daga ƙasa, mu tashi daga bakin rafi.

(TAƘAITACCEN KIƊA)

Yanzu ga mahaɗar ilimin biyu. Da damina kogi yakan zo jajir da laka, kuma ma'aikacin matata sai ya san yawan alif da kulorin da zai zuba. Ya rage, ruwa ya fita da datti. Ya ƙara, an yi asarar kuɗi an ɓata ɗanɗano. Gwaji kuma yana cin lokaci, ruwa ba ya tsayawa. Daga nan masu bincike suka ce, me zai hana a koya wa kwamfuta daga awon da aka tara a baya? A 2017, Muhammad Sani Gaya na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da abokan aikinsa sun wallafa aikin da suka yi da alƙaluman matatar Tamburawa, na ƙiyasta gurɓacewar ruwa da irin wannan dabara. Dakta Sani Isah Abba, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Near East da ke tsibirin Saifurus, ya shiga irin wannan aiki a 2018 a kan matatar ruwan datti ta birnin Nikosiya. A 2020 kuma, shi da Abdullahi Garba Usman suka kai dabarar cikin ɗakin gwajin sinadarai kansa, don rage yawan gwajin da ake maimaitawa kafin a daidaita na'urar rarrabe sinadarai.

Wannan ita ce ƙirƙirarriyar basira da kuke ji ana faɗa, kuma aikinta a fili yake. Ana raba tsofaffin alƙaluma gida biyu. Kaso mafi yawa a ba kwamfuta ta nazarta, ta gano yadda wannan ke tashi idan wancan ya sauka. Ragowar a ɓoye mata, sannan a jarraba ta da shi. Idan amsarta ta yi kusa da abin da aka auna da gaske, sai a fara amincewa da ita. Amma ku lura: kwamfuta ba ta taɓa ɗibar ruwa daga rijiya ba. Abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani. Idan littafin awo yana da giɓin wata 3, ko wani ya zauna a ofis ya cike shi da ka, hasashen zai fito da kyan gani amma ba shi da tushe. Darajar babban masani tana rataye ne a wuyan ƙaramin ma'aikacin da ke karanta ma'auni kowace safiya ya rubuta gaskiya.

Saboda haka muna da kira.

Ga malamanmu na jami'a, Allah Ya saka da alheri, amma binciken da ya tsaya a mujallar Turanci bai ƙarasa tafiyarsa ba. Ɗan lambun da aka ɗebi ruwa a gonarsa yana da haƙƙin a dawo a gaya masa abin da aka gani, da harshen da yake ji. A zo masallatai da coci-coci, a zo ƙungiyoyin kasuwa, a zo wannan rediyo.

Ga hukumomi, a mayar da awo aikin kullum, kada a jira sai annoba ta ɓarke. A riƙa auna Jakara da Getsi da manyan burtsatsen da 'yan garuwa ke ɗiba, a kafe sakamakon inda kowa zai gani, a kuma buɗe wa ɗalibai tsofaffin littattafan awo.

Ga shugabannin kasuwa, Alhazai, ku nemi hasashen shekara da zarar ya fito, ku sa yasar magudanai a cikin lissafin kasuwa tun kafin watan Mayu ya fita. Kuɗin yasa bai kai kuɗin dila ɗaya ta atamfa ba.

Ga masu gidajen haya da masu sayar da ruwan burtsatse, a kai ruwa gwaji aƙalla sau biyu a shekara, da rani da kuma tsakiyar damina. Idan ya yi wa mutum ɗaya nauyi, 'yan layi su haɗa hannu. A nemi takardar sakamako, a ajiye ta, domin ta bana ce za ta nuna ko ruwan ya sauya baɗi.

Ga kowane magidanci da uwargida, a duba lambar NAFDAC a jikin ledar ruwa, a rufe randa, a ware mata moɗa guda, a wanke ganye da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu. Wanda gudawa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a garzaya asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.

Ku kuma ɗalibanmu na Fagge da Sabon Gari da kuke ganin darasin kimiyya da lissafi kamar ba su da amfani, sunayen da kuka ji a shirin nan na mutane ne irinku, da suka zauna a aji irin naku. Unguwarku tana bukatar wanda zai auna mata ruwa, ya kuma tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ya gani ba ragi ba ƙari.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga ambaliya da annoba, Ya ƙara wa masu bincikenmu basira da riƙon amana. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.

(KIƊAN RUFE SHIRI)